Baƙon da ke Leƙa Ƙarƙashin Tebur

Ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau har yanzu ban manta shi ba. Wanda bai san ni ba, Nadire sunana. Gidana na saman tudu, in ka tsaya a baranda ga teku, ga tsibirin Korfu can in gari ya yi wasai, ga kuma otal ɗin Masu Fitila ya baje a bakin ruwa kamar shi ya haifi garin.

'Ya'ya biyar na haifa, jikoki kuwa sai na nutsu nake iya jero su. To ina suke? Italiya, Girka, Jamus. Mu nan Albaniya mu haifa, wasu su mora. Ɗa ɗaya ya rage mini a gari, Bashkim, shi ma don babu ƙasar da za ta iya da surutunsa ne. Sai jika ɗaya, Lindita, 'yar marigayi ɗana na fari, wadda uwarta ke Milano ta Italiya tana wanke wata tsohuwa da ba su haɗa komai ba. Lindita ce ke kwana a ɗakin da ke jikin nawa, ita ke jin tarina. Kuma ban yaudari kaina ba, ba kyan fuskata ya riƙe ta a garin nan ba, aikin otal ɗin ne. Ranar da aikin ya tsinke za ta haɗa jaka kamar sauran, ni kuwa in zauna da kyanwa muna kallon juna mu ga wa za ta riga wata.

Masu Fitila ba shi ne sunansu ba, sunan nasu harshena ba ya iya juya shi. Shuɗiyar fitilar da ke kan rufin ce ta sa muke ce musu haka. Da suka ɗauki Lindita aikin tarbar baƙi sai da suka sa ta haddace tarihinsu kamar addu'a. Tana guga tana maimaitawa, ina gyaran wake, har na riga ta haddacewa. Wai wani mai gashin baki ne a Amurka, gidansa kusa da tashar jirgin ƙasa, ya rataye fitila a ƙofa don matafiyi ya san akwai gado. Gida ɗaya ya zama biyu. 'Ya'yansa suka zo suka saye na maƙwabta, jikoki suka haye teku suna haɗiye wasu kamfanonin har da gadaje da tawul. Yanzu wai babu inda rana za ta faɗi ba a kunna fitilarsu ba.

"Kin san abin mamakin, Kaka?" in ji Lindita. "Ko bulo ɗaya na ginin nan ba nasu ba ne, na wani mai siminti ne a Tirana, babban birni. Su suna kawai suke ba da haya, da ƙa'idoji. Duk gadon da aka kwana a kai su yanki rabonsu."

"Suna ake haya?"

"Suna, Kaka."

"Kai! Da na sani da na ba da nawa tun ina da haƙora."

Ƙa'idojin kuwa ba sa ƙarewa. Ƙamshi iri ɗaya a kowace ƙasa, naɗin tawul iri ɗaya, har murmushi an auna musu. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Amma ɗaya ce na riƙe da kyau, ma'aikaciya ba ta soyayya da baƙo. Wadda ta yi, kora ce, babu ko sai gobe.

To, ana nan, ranar wata Talata da la'asar sai ga Bashkim ya hauro tudu yana haki, da jar hularsa ta shugaban masu ɗaukar kaya. Bai ko gaishe ni ba ya kai hannu kan burek, gurasarmu mai cuku, da na ajiye wa yarinyar.

"Inna, an shiga uku," ya ce, baki cike.

"Tun da aka haife ka ake shiga. Ajiye mata ko yanki ɗaya."

"Baƙon ɓoye ya zo."

Ya bayyana mini. Ashe duk shekara kamfanin na turo mutuminsa, ya kama ɗaki kamar kowa, ya ci, ya kwana, ya yi ta tambayoyi, ya shafa yatsa a kan katako, ya jarraba ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san shi. In ya koma ya ce ba su yi ba, a sauke fitila daga rufi. In an sauke fitila baƙin waje su daina zuwa, mai siminti ya sallami rabin gari.

"Amma mun gano shi," in ji Bashkim, yana ɗaga gira. "Mu za a yi wa wannan? Mu da muka tashi a zamanin da bango ke da kunne? Saurayi ne, shi kaɗai ya zo, shi kaɗai yake cin abinci. Wai sunansa Ermal, wai iyayensa 'yan garin Korca ne, a Jamus ya girma. Yarenmu yake yi don kada a zarge shi. Inna, da idona na gan shi ya leƙa ƙarƙashin tebur! Ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa yana saurare. Ya ja aljihun kabad ya mayar, ya ja ya mayar."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai muka mai da shi sarki. Kifin da ya fi girma nasa ne. Jakarsa ni da kaina nake ɗauka." Ya rage murya. "Kuma ya liƙe wa teburin Lindita, kullum yana can. Ki yi mata magana ta sake masa fuska. In ya ce su fita yawon yamma ta bi shi, mene ne a ciki? Abincin gari guda ne a hannunta."

Wuƙar da nake yanka tumatir da ita ta suɓuce mini.

Ku yara ba ku sani ba. A daidai inda otal ɗin nan yake, da can akwai na gwamnati, na baƙin waje kawai. Ina budurwa nake wankin zannuwan gado a cikinsa. A ƙarshen benen akwai wani ɗaki da ba a ba mu shara, wasu mazan gwamnati ke zama ciki da abu a kunne suna sauraren hirar kowa. Ina da ƙawa, Meleke, mai dariya kamar an ɓare rumman. Wani baƙo ya ba ta safa ya ce tana da kyau, ta karɓa ta yi dariya. Iyakar abin da ta yi ke nan. Mazan nan suka zo da mota suka tafi da ita daga ɗakin wanki, hannunta da kumfa. Da ta dawo kanta fari fat, kuma ba ta ƙara dariya ba har muka binne ta. Baƙon nan baƙo ne ko nasu ne, har yau ba wanda ya sani.

"Bashkim," na ce, "kanka ɗaya kuwa? Mutumin da aka turo ya jarraba ma'aikata, da me zai jarraba budurwa in ba da zaƙin baki ba? Ta bi shi yau, gobe ya kai sunanta, a kore ta."

Ya daina tauna. Wannan bai zo masa ba.

"To in ta ɗaure masa fuska kuma ya ce ba ta iya tarbar baƙo ba fa?"

Muka kalli juna. Gaba kura, baya sayaki.

Daga ranar barcin rana ya ƙaurace mini. Na fara lura da abin da na kwana biyu ina gani ban kula ba. Yarinyar da ke ɗaure gashi kamar mai zuwa gona, yanzu sai ta tsaya gaban madubi tana sako silin gashi ta gefen kunne. Ta ciro 'yan kunnen uwarta masu ɗan dutse kore. Wayarta kuwa, a kan tebur, a kan murhu, a bakin famfo, sai haske take tana zillo. Ni ban iya karatu ba, sai dai in ga layuka kamar tururuwa sun jeru. Amma na san hoton zuciya in na gan shi, kuma ja ne.

Ranar Alhamis tana shan shayi da safe, cikin rigar aikinta shuɗiya mai farar wuya, wayar ta yi zillo. Ta danna ta kai kunne, sai dai kunnena ya fi idona lafiya. Muryar namiji, mai taushi, yarenmu amma da ɗan gargada irin ta 'ya'yan waje: "Lindita, jiya ban iya cin kifin nan ba, ke nake tunani. Ki ba ni ko rabin awa a bakin ruwa."

"Wane ne wannan mai ciwon cikin?" na ce.

Ta kife wayar. "Ba kowa, Kaka."

"Ba kowa ya iya magana haka? Mai leƙen tebur ne ko?"

Fuskarta ta yi ja har wuya. "Baffa ne ya kawo miki gulma."

"Ke 'yar nan, dube ni. Ɗan leƙen asiri ne. Aikinsa ke nan, ana biyansa ya yi miki murya. Kifi na ganinki mai jar koma, shi ne ke ba kya ganinsa."

"Kaka, wannan zamanin ya wuce. Ba a tafiya da kowa yanzu."

"Ba a tafiya da kowa? To ina 'ya'yana?"

Ta tashi ta ɗauki jaka, ta zo ta sumbaci goshina kamar kullum. Na riƙe hannunta, sanyi ƙalau.

"Kin amsa masa?"

Ta zare hannu ta gangara tudu, ina jin ƙarar takalminta a kan duwatsu har ta ɓace.

Washegari da hantsi ina shanya sai wayar gida ta yi kuka. Bashkim ne, muryarsa kamar an shaƙe shi.

"Inna, manaja ta kira Lindita sama. An rufe ƙofa. An gan su jiya a bakin ruwa ita da mutumin, suna shan askirim. Kuma yau yake barin otal, ya gama aikinsa."

Ban san lokacin da na yafa baƙin gyalena ba. Da silifas ɗin shanya na fita. Rabona da taka wurin nan tun ana ce masa na gwamnati, ko da suka rushe suka sake gini ban taɓa leƙawa ba. Ina gangarawa hannun Meleke kawai nake gani da kumfa. Na san babu mai tafiya da ita a mota yanzu. Amma kora ma mota ce, jama'a, ita ma Jamus take kaiwa.

Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta ban taɓa ta ba, na ja da baya na yi a'uziyya. Ciki sanyi kamar kabari, ga ƙamshin nan nasu, ga hoton mai gashin baki a bango yana kallona. Wata yarinya da na san uwarta ta taso mini da aunannen murmushi.

"Rufe haƙoranki," na ce, "ina yake?"

Ba ta ma tambayi wa ba, ta nuna da ido. Can gefe, kusa da taga, ga jaka a tsaye, ga ƙafafun namiji sun fito daga ƙarƙashin wani dogon tebur. Wallahi kamar yadda nake gaya muku. Na je na tsaya a kansa. Na taka gefen wandonsa da silifas.

"Fito."

Ya fito da baya, ya buga ƙeya a katako. Dogo ne, siriri, da tabarau, kunnuwa manya. Ya miƙe yana shafa kai.

"Sannu Inna, wani abu ne?"

"Ni ce kakar Lindita."

Sai ya rikice. Ya goge hannu a wando, ya kama nawa ya kai goshi. Na fizge.

"Ka ga ɗan nan, ni tsohuwa ce, ban iya zagaye-zagaye ba. Na san aikinka. Ka kai sunan kowa, ka kai na ɗana Bashkim, shi dama ya daɗe yana neman mai kai shi. Amma yarinyar nan ita kaɗai gare ni. Askirim ne ta sha, ba ta kashe kowa ba. In abin biya ne ina da itatuwan zaitun, ka zaɓa." Muryata ta karye, abin da ban yi ba ko ranar da aka kawo gawar ubanta. "Kada ka sa su kore ta."

Ya tsaya baki buɗe. "In kai sunanta ina?"

"Wurin iyayen gidanka, Masu Fitila."

"Inna, ni kafinta ne."

"Kafin me?"

"Kafinta. A Frankfurt ta Jamus nake, tebura nake yi da kabad. Wannan teburin," ya shafa shi kamar wuyan doki, "babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Tun da na zo nake son in gane yadda aka haɗa ƙafar."

Ya juya mini tafin hannunsa. Duk kanta, yatsa ɗaya ma babu rabin farce. Na san hannun aiki in na gan shi, irinsa na aura.

Bashkim da ke laɓe bayan wata tukunyar fure ya fito a hankali. "Kafinta? To kifin da muka yi ta ba ka fa?"

"Ni ma na yi ta mamaki, Baffa. Na ɗauka haka kuke yi wa kowa."

"Jakarka fa da na ɗauka har bene!"

"Na gode ƙwarai."

Da ba a tsorace nake ba da na yi dariyar da za ta kai ni ƙasa. Baƙon ɓoyen gaskiya kuwa, daga baya aka ce ya zo ya tafi, har yau ba a san ko namiji ne ko mace ba. Fitila dai tana nan a kan rufi.

Ana cikin haka na'urar hawa bene ta buɗe, Lindita ta fito. Idonta ya yi ja. Ta gan ni da silifas ɗin shanya a tsakiyar marmara, ta dafe ƙirji.

"Kaka! Me ya kawo ki?"

"Sun kore ki?"

"A'a."

Na zauna a wata kujera da ta kusa haɗiye ni. Ta durƙusa a gabana ta riƙe gwiwata.

"Ni na fara gaya mata gaskiya kafin ta tambaya. Ta yi faɗa, ta ce saura ƙiris. Amma tunda yau ya bar otal, ya tashi daga baƙo." Ta kalli mai kunnuwan, ta kalli ƙasa. "Sai ta tambaye ni inda yake zaune. Na ce Frankfurt. Ta yi dariya, Kaka. Ta ce ai suna da fitila uku a can. Wai in abin ya kai ga aure ba sai na bar aiki ba, danna kwamfuta ne kawai, a mai da ni can. Riga ɗaya, aiki ɗaya, ko naɗin tawul ba sai na sake koya ba."

Kun ji? Gudun gara na faɗa gidan zago. Ni ina nan ina gadin aikin nan kamar turken da ya ɗaure mini akuya, ashe turken ƙafa gare shi.

Ranar Lahadi da azahar suka zo, shi da kawunsa daga Korca, wani tsoho mai sanda da kwat ɗin da ya sha guga. Bashkim ya sa taye, ya zauna a kujerar marigayi mijina yana ta zuba, yanzu wai shi tun farko ya san yaron ɗan mutunci ne. An kawo dafaffen ɓaure a sukari, an kawo ruwan sanyi, an tambayi lafiyar kowa har ta awaki. Sannan kawun ya gyara murya ya ce sun zo neman iri.

A wurinmu ba a amsa wannan da baki. Yarinya ce ke dafa gahawa ta kawo. In baƙi suka kurɓa suka ji zaƙi, an ba su. In suka ji ɗaci, sai su shanye da mutunci su nemi sandarsu. Kuma sukarin ba yarinya ke da shi ba, babbar matar gida ce.

Na bi ta kicin. Tana tsaye gaban murhu cikin koriyar rigarta mai ƙananan furanni, 'yan kunnen uwarta na rawa, 'yar tukunyar gahawa na tasowa. Ta miƙa hannu kan kanta inda gwangwanin sukari yake zama tun kafin a haife ta. Wayam. Ta duba bayan gishiri, ta buɗe kabad, ta leƙa kwando. Sai ta tsaya. Ta juyo ta dube ni, ta dubi gaban zanina na aiki inda wani abu ya yi tudu, hannuwana biyu a kai.

Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Na ma tanadi amsoshi tun safe.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zuba gahawar a ƙananan kofuna. Ta jera a faranti, ta goge ɗigon da ya zuba a gefe.

"Shi ke nan, Kaka," ta ce a hankali. "A kai haka."

Ta ɗauki farantin ta nufi ƙofa.

Na ga tsoro iri-iri a rayuwata, na gaya muku wasu. Amma ban taɓa jin irin wanda na ji ba da na ga bayan yarinyar nan, a miƙe, tana tafiya za ta yi mini biyayya. Za ta zauna. Za ta ji tarina, ta sumbaci goshina kowace safiya, ta tsufa a ɗakin da ke jikin nawa, kuma ba za ta taɓa ce mini komai ba.

Har ta sa ƙafa a bakin ƙofa.

"Ke! Dawo nan, ja'ira. Wa ya koya miki kai wa baƙo gahawa haka?"

Ta juyo. Na zaro gwangwanin, murfin ya ƙi buɗuwa sai da na sa haƙorin da ya rage mini. Na zuba, na ƙara, rabi a kofi rabi a faranti, har ta ajiye ta riƙe hannuna.

"Ya isa, Kaka, za ki kashe tsohon mutane."

"Tafi kafin ta huce. Kafin ni ma in huce."

Ta fita. Na zauna a kan kujerar tsuguno, gwangwani a cinya. Na ji ƙarar kofuna, na ji shiru, na ji tsohon ya kurɓa ya ce, "Allah ya sanya alheri." Bashkim ya fashe da shewa kamar mace. Sannan ta cikin hayaniyar na ji muryar mai kunnuwan, a hankali, yana tambaya:

"Ina Kaka? Ina da magana da ita, ita kaɗai."

Na ji takunsa ya nufo kicin. Na goge fuska da bakin zani, na gyara zama, na jawo wuƙar tumatir kusa da ni.